Suna Linzami Ne: Yadda Za Ka Zaɓi Sunan Muƙaminka a Aikin Koyarwa da Horaswa ta Intanet

Ranar wata Laraba da la'asar, cikin zafin watan Afrilu da ko inuwar dogonyaro ba ta raba mutum da gumi, ɗiyar ƙanwata ta iske ni zaune a ƙofar gida a unguwar Mabera, cikin Sakkwato. Bayan mun gaisa sai ta miƙo mini katin shaidarta na wurin aiki.

"Kawu, dubi abin da anka rubuta nan. Shekara biyu ke nan ina ɗauke da wanga suna. Yanzu maigidanmu ya ce in rubuto wanda nika so a sa mini ga sabuwar takarda, in kai mishi ran Litinin. Ni kau na rasa mi za ni rubutawa."

A jikin katin an rubuta da Turanci cewa ita mataimakiya ce a sashen kwamfuta. Ni kuwa na san aikinta sarai. Ita ke zama da ma'aikatan jinya ta tatso abin da ke kansu, ta mayar da shi gajerun darussa, ta naɗi murya da Hausa, ta tura wa ma'aikatan lafiya na Gudu da Tangaza da Sabon Birni ta waya, sannan ta bi sawu ta ga wa ya saurara, wa ya ci jarrabawar ƙarshen mako. Sunan da ke katin bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sau biyu tana neman aikin tsara darussa a wasu wurare, ko kiran intabiyu ba a yi mata ba. Ina da yaƙinin mai tace takardun na ganin sunan ya ɗauka mai gyaran firinta ce, ya ajiye takardar gefe.

Abin da muka yi ni da ita daga wannan Laraba zuwa Lahadi shi zan shimfiɗa a nan, domin ire-irenta sun yi yawa a Sakkwato. Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, makarantu da ƙungiyoyi da ma'aikatu suka shiga koyarwa ta Zoom da WhatsApp da Google Classroom. Aikin ya riga sunansa zuwa. Duk wanda aka ga ya iya taɓa kwamfuta sai a ɗora masa, a bar shi da tsohon sunansa.

Ka fara da ƙidayar abin da hannunka ke yi

Kada ka fara da tunanin sunan da zai yi daɗi a baki. Ɗauko littafi ka rubuta aikinka na mako biyu, kullum kafin ka tashi daga ofis: me ka yi, awa nawa ya ci. Ka rubuta da aikatau, irin su na rubuta, na naɗa, na koyar, na gyara, na kira, na sa hannu. Kalmomi irin su "na taimaka" da "na kula" ka bar su, don ba sa nuna komai.

Ita ba ta da mako biyu, saboda haka muka bi ta bayan gida. Ta buɗe wayarta da kwamfutarta, muka bi saƙonnin da ta tura da fayilolin da ta adana na wata guda, ina karantowa tana rubutawa a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Kafin a kira magariba mun cika shafi biyu. Da muka tattara, sai ga shi fiye da rabin lokacinta yana tafiya ne wurin tsara darasi da rubuta shi. Naɗar murya da haɗa hotuna na biye. Gyaran kwamfutar abokan aiki, wanda shi ne sunan da take ɗauke da shi, bai kai awa biyu a mako ba.

Ta daɗe tana kallon takardar kafin ta ce, "Ashe ni ban san aikina ba, Kawu." Da yawanmu haka muke. Abin da ya fi ba mu wahala shi muke tunawa, mu manta da wanda ya fi cin lokacinmu.

Wane gida ne naka a cikin sana'ar?

A nan ya kamata ka daɗe, don duk sauran matakan a kansa suke tsaye.

Akwai wani tsohon tsari da masu wannan sana'a ke aiki da shi, ana kiransa ADDIE, wanda Jami'ar Jihar Fulorida ta Amurka ta tsara wa sojojin ƙasar a 1975. Ya raba aikin horaswa gida biyar: a binciko abin da mutane ke buƙatar koyo, a tsara yadda za a koyar da shi, a ƙera kayan darasin, a gabatar, sannan a auna ko an koya. Ba sai ka haddace shi ba. Amfaninsa a nan shi ne ya zama ma'auni: ɗauki kowane layi a littafinka ka ga ƙarƙashin wanne ya faɗa. Inda layukan suka fi taruwa, nan ne gidanka.

Idan sun taru a bincike da tsarawa, kai mai tsara koyarwa ne, wanda a tallan aiki za ka ga an haɗa sunansa da kalmar dizaina. Mutane na jin dizaina sai hankalinsu ya tafi kan mai zanen fosta, alhali aikin daban ne. Mai tsara koyarwa shi ke tambayar: bayan wannan darasi me ɗalibi zai iya yi wanda da bai iya ba? Shi ke yanke shawarar cewa darasin allurar rigakafi minti bakwai zai yi da murya, domin wanda zai saurara yana Kebbe, sabis na zuwa yana ɗaukewa, bidiyon minti arba'in ba zai sauka a wayarsa ba. Shi ke rubuta tambayoyin jarrabawa yadda za su auna fahimta, ba haddar baki kawai ba. Wannan shi ne gidan da aka fi tauye wa masu shi haƙƙi a wajenmu, saboda aikinsu ba ya ganuwa. Ana ganin bidiyo, ana ganin mai magana a gaban aji, amma tunanin da ya haifi darasin ba wanda ke ganinsa.

Idan sun taru a ƙerawa, kai mai haɗa kayan darasi ne. Wani ya ba ka rubutu, kai ka mayar da shi bidiyo ko murya ko shafi mai tambayoyi da ake latsawa. Kayan aikinka kyamara ne da makirfo da manhajoji irin su Canva da Articulate Storyline. Sunanka ya kamata ya nuna ƙira da abin da kake ƙerawa.

Idan sun taru a gabatarwa, wato kai ne ke gaban mutane ko ta Zoom ko a zauren bita, to kana tsakanin sunaye biyu. Tirena shi ne wanda ilimin ke kansa, yana zuba wa masu koyo. Fasiliteta kuwa jagoran tattaunawa ne: darasin na nan a rubuce, shi yana warware inda ya cije yana jan ɗalibai su yi magana. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, wadda aka kafa a 1983 aka farfaɗo da ita a 2002, da wannan suna na biyu take kiran masu jagorantar ɗalibanta a darussa. Ka zaɓi wanda ya yi daidai da abin da ke faruwa a ajinka.

Akwai kuma gidan da tsarin nan bai ambata ba sosai, amma yau babu makarantar intanet da ke tafiya ba da shi ba: mai kula da dandalin karatu. Shi ke buɗe wa ɗalibai rajista, ya ɗora darussa, ya buɗe wa wanda ya manta lambar sirri, ya fitar da rahoton wa ya gama wa ya tsaya. Dandalin da jami'o'i da yawa ke amfani da shi shi ne Moodle, wanda Martin Dougiamas ɗan ƙasar Ostireliya ya fitar a 2002, kuma kyauta ne. Idan ka iya shi da gaske, ka sa kalmar admin ta dandalin karatu ta fito a sunanka, ka ambaci Moodle a takardar tarihin aikinka. Masu neman wannan ƙwarewa da sunanta suke nemanta.

Sai masu riƙe shirin gaba ɗaya: jadawali, kuɗi, rahoto, mu'amala da hukuma da masu ba da tallafi. Maganarsu na tafe.

Na san abin da mai karatu zai ce: ni ai duka nake yi. Gaskiya ne, a ƙaramar ƙungiya ko makarantar kuɗi ta unguwa mutum ɗaya ne ke tsarawa, ya naɗa, ya koyar, ya tayar da janareto. Duk da haka ka zaɓi gida ɗaya. Idan biyu sun yi kunnen doki, ɗauki wanda kake so a sake ɗaukar ka aiki a kansa nan da shekara uku. Sauran ka jera su a bayanin aiki. Sunan da aka cusa wa sana'a huɗu ba wanda zai iya riƙe shi, kuma yana nuna wa mai ɗaukar aiki cewa ba ka nuna a ko ɗaya ba.

Kalmar da ke nuna matsayi

Kowane sunan muƙami yana da ɓangare biyu: wanda ke faɗin sana'a, da wanda ke faɗin tsawon mutum a cikinta. Mataimaki, ofisa, babban ofisa, ƙwararre, kodineta, manaja, darakta.

Da safiyar Alhamis ta turo mini saƙo cewa wata ƙawarta ta ba ta shawara ta rubuta daraktar ilimin zamani, tunda an ce ta zaɓa da kanta. Na ce ta zo mu yi magana.

Na tuna mata da tsarin tsangaya, wanda kowane ɗan Sakkwato ya taso yana gani. Kolo, titibiri, gardi, malam, alaramma, gwani. Kowane suna yana da abin da ake auna shi da shi. Ba a ce wa mutum alaramma sai ya haddace Alƙur'ani, kuma ranar da aka zauna musaffa ko darasu kowa zai ji ko sunan nasa ne. Gardin da ya kira kansa gwani bai cuci kowa ba sai kansa, domin za a ja masa baƙi a gaban jama'a. Intabiyu ma haka take. Ka rubuta darakta, za a tambaye ka kasafin kuɗi nawa ka taɓa riƙewa, manajoji nawa suka yi aiki ƙarƙashinka, wace hukumar gudanarwa kake kai wa rahoto. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Akwai wata cutar da ba a lura da ita da wuri. Mai shekara biyu da fara aiki da ke ɗauke da sunan darakta, idan ya nemi aikin ofisa a babbar ƙungiya mai albashi ninki biyu na nasa, sai a ga kamar yana saukowa ne, a yi ta tambayar me ya faru. Babban suna a ƙaramin wuri yana toshe ƙofar da matsakaicin suna zai buɗe.

Tambayoyi uku ke raba gardama. Mutum nawa ne kai ke ba su aiki, ka kuma rubuta rahoton ƙwazonsu a ƙarshen shekara? Akwai kuɗin da ba sa fita sai da sa hannunka? Idan shirin ya lalace, wa za a fara kira? Wanda ba shi da kowa a ƙarƙashinsa kuma ba ya sa hannu a kan kuɗi, amma shi ke yanke shawarar aikinsa da kansa, ofisa ne, ko ƙwararre idan ya daɗe ya kuma yi zurfi. Wanda ake shimfiɗa masa aikin kullum ya aiwatar, mataimaki ne, kuma babu abin kunya a ciki. Manaja sai da mutane da kuɗi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ka karɓi sunan manaja, ranar da lissafi ya ƙi daidaita kai za a tsare.

Kodineta kuwa a yi hattara da shi. A wasu ƙungiyoyin yana ƙasa da manaja, a wasu ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje yana samansa. Kafin ka karɓa ko ka ƙi, nemi a nuna maka jerin matakan albashin wurin ka ga inda ya faɗa.

Kuskuren da na fi gani a wajen 'ya'yanmu mata shi ne akasin ɗaukar babban suna: su rage wa kansu tsawo saboda kunya. Mace na riƙe da shiri sukutum, tana ba mutum huɗu aiki, amma ta amince a bar ta da mataimakiya don kada a ce ta cika son girma. Tawali'u abu ne mai kyau, sai dai a takardar aiki sunan shi ke ja wa mutum matakin albashi, kuma haƙƙinki ne.

A ina kake aiki?

'Yancin zaɓen suna ba ɗaya ba ne a ko'ina.

A aikin gwamnati ba kai ke zaɓa ba. Akwai kundin tsarin muƙamai, kowane layi da matakansa. Mai digiri a layin jami'an ilimi yana farawa ne a matakin albashi na 08, ya hau 09, ya zama babban jami'i a 10, haka har zuwa manyan matakai na darakta. Babban sakatare ma ba zai ƙirƙiro maka sabon suna a takardar albashi ba. Abin da za ka nema shi ne takardar ɗora nauyi: wasiƙa daga shugaban sashe da ke cewa an ba ka kula da horaswa ta intanet daga rana kaza. A takardar tarihin aikinka sai ka rubuta sunan hukuma yadda yake, ka biyo shi da nauyin da aka ɗora maka. Kada ka goge na hukuma, don ranar da aka nemi tabbaci shi za a samu a fayil.

A jami'a da kwaleji akwai wani rami da ya kamata a sani tun kafin a sa ƙafa. Ko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a 1975 ko a wata jami'ar tarayya, ma'aikata layi biyu ne: masu koyarwa da tsarin albashinsu na CONUASS, da waɗanda ba masu koyarwa ba da nasu na CONTISS. Aikin koyarwa ta intanet yana zaune ne a kan iyakar biyun. Sunan da aka rubuta maka ranar ɗauka shi zai jefa ka ɗaya daga ciki, kuma hanyar ƙarin girma ta bambanta: ɗaya da bincike da wallafa, ɗaya da shekaru da jarrabawa. Sauya layi daga baya abu ne mai wuya. Ka tambaya a fili, a wane layi wannan muƙami yake?

A ƙungiyoyi masu zaman kansu da kamfanoni da makarantun kuɗi ne ake da sarari, kuma nan ne shawarar wannan rubutu ta fi aiki. Mai cin gashin kansa kuwa, wanda ke koyar da ɗinki ko lissafi ko Larabci ta Telegram, ya faɗi abin da yake koyarwa da wanda yake koya wa. Wannan ya fi kawo ɗalibai a kan shugaban kamfanin da ba shi da ma'aikaci ko ɗaya.

Je ka kasuwa ka ji yadda ake kiran hajarka

Takardar za a rubuta ta ne da Turanci, kuma a nan mutane ke yin ɓarna: su zauna su fassara sunan da kansu, su fito da abin da babu mai amfani da shi a duniya. Kada ka fassara. Kwafo za ka yi.

Shiga shafukan intanet da ake tallata aiki, irin su LinkedIn da Jobberman, da ReliefWeb idan aikin ƙungiyoyin agaji kake hari. Nemo tallan aiki ashirin waɗanda bayaninsu ya yi kama da abin da ke littafinka. Ka lura, bayanin za ka karanta, kada sunan ya ɗauke maka hankali. Duk tallan da ka ga kashi biyu cikin uku na ayyukan da ya lissafa kana yin su, rubuta sunansa harafi da harafi. In ka gama, ƙirga. Suna biyu ko uku za su yi ta maimaituwa. Cikinsu za ka zaɓa.

Dalili kuwa shi ne manyan wurare da yawa ba mutum ne ke fara duba takardun masu neman aiki ba. Manhaja ce ke tacewa, tana neman kalmomin da aka ba ta, haka ma mai neman ma'aikata a LinkedIn kalma yake rubutawa ya bincika. Sunan da ka ƙirƙira, komai kyansa, ba zai faɗo a bincikensa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka yi wannan aiki a wayata, don tata data ta ƙare. Mun samu talla goma sha bakwai kafin caji ya mutu, kuma sun isa. Sunan mai tsara koyarwa shi ya fi fitowa, nesa ba kusa ba.

Ka riƙa sake wannan bincike duk shekara biyu, domin sunayen sana'ar nan suna sauyawa. Babbar ƙungiyar masu horaswa ta Amurka ma a 2014 ta cire kalmar horaswa daga sunanta ta koma ATD, tana magana a kan bunƙasa hazaƙar ma'aikata. Yau za ka ga talla da yawa sun fi son kalmar koyo a kan koyarwa. Ba dole ka bi kowane yayi ba, amma ka san shi.

A sa intanet a cikin sunan ko a bari?

Ra'ayina a nan a tsaye yake. Idan ƙwarewarka ta na'ura ce, wato dandali da bidiyo da manhaja, sa shi, don shi ake saye a wurinka. Idan kuwa ƙwarewarka ta tsara koyo ce, ka yi tunani sau biyu. Wanda ya iya tsara darasi zai tsara shi ko ta waya ko ta rediyo ko a ƙarƙashin bishiya. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, tun 1976 aka kafa ta, kuma ta horar da malamai daga nesa da littattafai da cibiyoyin karatu tun kafin kowa ya ga wayar hannu a ƙasar nan. A jiha mai ƙananan hukumomi 23, inda da yawan shirye-shirye ke haɗa darasin waya da zaman bita ido da ido, sunan da ya ɗaure ka a intanet kaɗai zai iya sa a tsallake ka ranar da za a tura mutum Isa ko Tambuwal ya jagoranci bita.

Sunayen da ke da masu su

Wasu sunaye doka ce ke tsaronsu. Aikin malanta a makaranta yana ƙarƙashin hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda doka mai lamba 31 ta 1993 ta kafa. Wanda digirinsa ba na ilimi ba ne yakan yi difilomar koyarwa ta bayan digiri kafin ya yi rajista. Injiniya kuma na masu rajista da COREN ne, wato hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, saboda haka ko ka ga wasu ƙasashe na kiran wani injiniyan koyo, kai ka bar shi. Lakcara muƙamin jami'a ne da kwaleji. Malam da muke kiran juna da shi a gaisuwa girmamawa ce, ba ta shiga wannan lissafi.

Sunan da za a kira ka da shi a fili

Takarda da Turanci take, amma mutanen da kake koyarwa da Hausa za su kira ka. Idan ba ka ba su suna ba za su raɗa maka, kuma mai kwamfuta za su ce.

Mu a Sakkwato muna da abin koyi a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu, a ƙarni na 19, ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilimi ya isa ga matan ƙauyuka da ba za su iya barin gidajensu su zauna a birni ba. Matan da ta ɗora a kan wannan aiki ta ba su suna guda, jaji, ta naɗa musu malfa da jan rawani. Jaji ta zo ta karɓi karatu a waƙe, ta koma ta isar. Gajeren suna ne, kowa ya iya faɗinsa, kuma duk garin da ta shiga an san me ta zo yi da izinin wa ta zo. Abin da kake nema ke nan a sunanka na Hausa.

Gwajinsa mai sauƙi ne. Faɗa wa mahaifiyarka ko kakarka sunan, ka ce ta gaya maka me kake yi. Mai tsara darussa, mai horar da ma'aikata, jagoran karatu, mai kula da makarantar waya: duk waɗannan za su wuce. Mun gwada a kan ƙanwata ranar Asabar. Da aka ce mata ɗiyarta mai tsara darussan ma'aikatan lafiya ce, sai ta ce, "To, yanzu na ji. Da can ce mini aka yi tana gyaran inji."

Yadda za ka kai maganar gaban maigida

Kada ka tare shi a baranda. Nemi lokaci, ka shiga da takarda shafi ɗaya: ayyukanka da yawan lokacin da kowanne ke ci, tallan aiki uku masu kama da naka, sai suna biyu da kake ba da shawara, wanda ka fi so a sama. Ba shi biyu domin ya samu abin zaɓa. Shugaba ya fi saurin amincewa da abin da ya sa hannu wurin zaɓensa.

Ka nuna masa ribar wurin. Idan za a rubuta wa masu ba da tallafi takardar neman kuɗin shirin horaswa, jerin ma'aikata mai ɗauke da mai tsara koyarwa ya fi ƙarfi a kan mai ɗauke da mataimakin kwamfuta.

Zai iya cewa babu kuɗin ƙarin albashi yanzu. Ka raba maganar biyu: a gyara suna yau, a sa ranar da za a zauna kan albashi, a rubuta ranar. Amma ka kula da sabon suna da ke zuwa da sabon kaya ba tare da ko sisi ba. Idan an ƙara maka mutane da nauyin kuɗi, wannan ƙarin girma ne, kuma da albashinsa yake tafiya.

Duk abin da aka amince a kai, a sa shi a wasiƙa mai kan ofis da sa hannu da kwanan wata, a saka kwafi a fayil ɗinka na sashen ma'aikata, kai ma ka riƙe naka. Sai wasiƙa ta fito sannan ka sauya a LinkedIn da katin shaida da ƙasan saƙonninka na imel, kuma ya zama iri ɗaya a ko'ina. Shugabanni na sauyawa. Wanda ya yi maka alkawari da baki yana iya barin wurin kafin damina.

Mai ɗaukar ma'aikata da ke shirin tallata irin wannan gurbi, shi ma hanyar ke nan, sai dai daga ɗaya bakin: ya rubuta ayyukan tukuna, ya ga gidan da suka fi taruwa, sannan ya sa suna. Wanda ya tallata manaja alhali mai naɗar bidiyo yake nema, zai sha takardun mutanen da ba su taɓa riƙe kyamara ba.

Ranar Lahadi da dare ta karanta mini shafinta ta waya. Suna na farko, jami'ar tsara koyarwa. Na biyu, jami'ar horaswa ta intanet. Na ce ta cire wani layi da ta rubuta tana ba da haƙuri a kan damun da ta yi, ta kuma ƙara adadin darussan da ta tsara cikin shekara biyun, tunda suna nan a kwamfutarta ana iya ƙirgawa.

Litinin da azahar ta kira ni daga bakin ofis, ana jin ƙarar masu kabu-kabu a bayanta. Maigidan ya ɗauki na farkon. Maganar albashi an ajiye ta sai sabon kasafi a watan Oktoba.

"An rubuta ranar?" na tambaye ta.

"An rubuta, Kawu. Ga wasiƙar nan hannuna, yanzu za ni in yi hotonta kwafi biyu."